Mu Sayar da Gonar Gado Don a Yi wa Malam Allurar Dawo da Yawu?

Assalamu alaikum Anti. Maigidana malamin sakandare ne, shekararsa 46. An gano yana da ciwon daji a can bayan hanci, aka yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, na mako bakwai. Alhamdu lillahi, likitoci sun ce ciwon ya kwanta, yau wata 14 ke nan da gama gashin. Sai dai tun daga lokacin yawun bakinsa ya ƙafe. Ba ya iya haɗiye loma sai ya bi ta da ruwa. Da dare yakan farka sau huɗu ko biyar, harshensa ya manne wa ganɗa. A aji ba ya minti biyar yana bayani sai ya kurɓi ruwa, limancin da yake yi a masallacin unguwa ma ya bari. Yanzu ƙaninsa ya zo da labarin wani asibiti a ƙasar waje da ke allurar abin da ake kira sitem sel, wai tana farfaɗo da yawu. Kuɗin da suka yanka sai an sayar da gonar da Malam ya gada. Wata maƙwabciyarmu kuma tana sayar da wani gari a 'yar leda, ita ma ta ce sitem sel ne, ana zubawa a ƙarƙashin harshe. Malam ya ce abin da na ce shi za a yi. Anti, ina tsoron in hana, ya zama ni na tsaya tsakaninsa da samun sauƙi. Me kike gani?

Daga wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya biyar

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ba zan ja miki rai ba: kada ku sayar da gonar. Amma tunda nauyin maganar a kanki aka ɗora shi, ba zan bar ki da "Anti ta ce" kawai ba. Ina so ki san dalilin da kanki, yadda idan ƙanin Malam ya zauna a gabanki za ki iya yi masa bayani ba tare da muryarki ta yi rawa ba.

Da farko ina so ki san na ɗauki ciwon nan da girma. Mutane da yawa idan suka ji an ce bushewar baki sai su ce ai da sauƙi, ya sha ruwa mana, tunda an tsira daga babban ciwon. Wanda bai zauna da mai ita ba ne yake faɗin haka. Na taɓa zama kusa da wani dattijo da aka yi wa irin wannan gashin, aka kawo masa gurasa. Ya gutsira, ya tauna, ya tauna, ta koma masa gari a baki kamar ya ɗebi dusa, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya juya fuska gefe ya tofar a tafin hannunsa don kada jikokinsa su gani. Lafiyayyen mutum yana samar da yawu kusan lita guda a yini bai ma sani ba. Da shi yake jin ɗanɗanon gishiri, da shi harshe ke juyawa ya fitar da harafi, da shi baki ke wanke kansa. Mutumin da sana'arsa magana ce, ibadarsa kuma karatu a bayyane, ba ƙaramin abu aka ɗauke masa ba.

Yawu yana fitowa ne daga wasu maɓuɓɓugai manya guda shida, uku a kowane gefe. Biyu suna gaban kunnuwa, daidai wurin da ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Su ne ke zubo da yawu mai ruwa-ruwa lokacin cin abinci. Biyu suna ƙarƙashin muƙamuƙi, su ke riƙe da yawancin danshin baki a lokacin da mutum ba ya cin komai, har da lokacin barci. Biyu kuma ƙanana suna ƙarƙashin harshe. Ciwon da ke bayan hanci yana zaune ne a tsakiyar kai, hasken gashi ba shi da hanyar isa gare shi sai ya ratsa ta kusa da su. Don a kashe irin wannan ciwon akan ba shi ƙarfin gashi har 70 a ma'aunin da likitoci ke kira gire, alhali maɓuɓɓugar gaban kunne da zarar abin da ya same ta ya haura kamar 26, da wuya ta koma yadda take. Ƙwayoyin da ke haɗa yawun su mutu, tabo ya maye gurbinsu. Ba sakacin kowa ba ne, farashin ceto ran ne.

To ina maganar sitem sel ta shigo? A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta da za mu iya kira ƙwayoyin tushe. Kamar irin da manomi ke ɓoyewa a rumbu suke: idan wasu ƙwayoyin suka tsufa ko suka mutu, daga cikinsu ake samun sababbi. Maɓuɓɓugar yawu ma tana da nata. Gashi idan ya yi ƙarfi ba amfanin gonar kaɗai yake cinyewa ba, har irin yake haɗawa, shi ya sa wurin ba ya sake tsirowa. Tunanin masana shi ne, in aka mayar da iri cikin wannan ƙasa, ko za ta sake yin yabanya? Ƙanin Malam bai yi ƙarya ba da ya ce ana wannan aikin. Ana yi, kuma mutanen kirki ne ke yi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ina aikin ya kai?

A jami'ar birnin Groningen ta ƙasar Holan akwai wani masani, Farfesa Rob Coppes, wanda shi da abokan aikinsa suka shafe shekaru a kan wannan tambaya guda. A shekarar 2008 suka nuna cewa idan aka lalata maɓuɓɓugar yawun ɓera da gashi, aka dasa masa ƙwayoyin tushe na yawu, yawun yana dawowa. Ki lura da tazarar da ke tsakani: sai a watan Disamba na 2022, bayan shekara 14, sannan suka yi wa mutum na farko. Kuma ga yadda suka yi. Tun kafin a fara yi wa mutumin gashi suka yanki ɗan guntu daga maɓuɓɓugarsa mai lafiya, suka raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji har suka yawaita, sai bayan an gama gashin suka mayar masa da abinsa ta allura. Wato an kwashe irin ne kafin gobara ta tashi. Malam kuwa an riga an yi masa gashin wata 14 da suka wuce, ba a ɗebi komai an ajiye ba. Wannan hanyar, yadda aka tsara ta, ta masu shirin shiga gashi ce, kuma ita kanta har yanzu gwaji ce a kan mutane ƙalilan.

Hanya ta biyu ita ce ta fi kama da abin da ake yi muku talla, don haka ki ba ni hankalinki a nan. A babban asibitin Rigshospitalet da ke Kofanhegan, babban birnin Danmak, likitoci sun gwada wasu ƙwayoyin tushe da ake samu a cikin kitsen jiki. Waɗannan ba sa rikiɗa su zama maɓuɓɓugar yawu. Abin da ake fata shi ne su rage kumburi da tabo, su taimaki abin da ya saura da rai. A 2018 suka fitar da sakamakon gwajin farko a kan mutum 30. An ga yawun waɗanda aka yi wa allurar ya ƙaru da kusan rabin abin da suke da shi bayan wata huɗu, ba a kuma ga wata mummunar illa ba. Labarin ya yi daɗi, ya zaga duniya, kuma ina kyautata zaton irin wannan sakamakon ne masu talla ke ɗagawa. Amma su likitocin ba su tsaya nan ba, domin sun san mutum 30 ba su isa a yanke hukunci ba. Suka sake wani gwajin da mutum 120: rabi aka yi musu allurar ƙwayoyin, rabi aka yi musu allurar da babu ƙwayoyin a ciki, ba tare da majinyacin ya san wacce aka yi masa ba. A 2024 sakamako ya fito. Yawun masu ƙwayoyin ya ƙaru da kashi 38 cikin 100, na waɗanda ba a sa musu ba ya ƙaru da kashi 21. Da aka auna tazarar da ma'aunin lissafi, ba ta kai a ce allurar ta fi rashinta ba. Su da kansu suka rubuta haka, ba su ɓoye ba.

Kuma ki tuna kashi 38 na mene ne. Idan abin da ke fita daga rijiya cokali biyu ne, ƙarin kashi 38 bai cika cokali na uku ba.

Ni wannan gaskiyar tasu ita ke sa nake girmama su, ita ce kuma ke sa nake jin zafin masu karɓar kuɗin mutane. Waɗanda suka fi kowa sanin aikin nan, da kayan aiki da kuɗin bincike a hannunsu, sun ce ba mu kai ba tukuna. A Amurka ma, a jami'ar Wisconsin, ana gwada ƙwayoyin da aka ɗebo daga ɓargon majinyacin, can ma a matakin farko ake. To wane ne wannan da ya riga su isa, har ya buɗe kanti yana yanka farashi? Akwai kuma wani abin da ya fi kuɗin tayar min da hankali. A gwajin Danmak ba sa karɓar mutum sai ya cika shekara biyu ciwon bai dawo ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin nan aikinsu ƙarfafa tsiro ne da buɗe sababbin hanyoyin jini, kuma babu mai son ya zuba taki a wurin da ake tsoron ko akwai sauran saiwar ciwon daji. Malam bai cika shekara biyun ba. Asibitin da zai karɓe shi yau ya caka masa allura a wuya bai damu da wannan ba, ya gaya miki ko shi wane ne. Ba kuma tsoratarwa nake ba idan na ce allurar da ba a tantance ba tana iya cutarwa: a 2017 an wallafa labarin wasu mata uku a jihar Fulorida ta Amurka da wani wurin kuɗi ya yi wa allurar ƙwayoyin kitsensu a ido don gyara gani, suka tashi da mummunar asarar ganin, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

Garin maƙwabciya kuwa maganarsa gajera ce. Ƙwayar tushe abu ne mai rai, sai an ajiye ta cikin tsananin sanyi ko cikin ruwan raino na musamman. Ba ta rayuwa a busasshen gari cikin leda a kan teburin kanti. Irin waɗannan kayan galibi daga tsirrai ake haɗa su, kuma ƙwayar tuffa ko inabi ba ta zama naman mutum. Mai yiwuwa ita baiwar Allahn ta yarda da abin da aka gaya mata ne, kada ki ɓata da ita. Ki ce mata likita bai amince ba, ki wuce. Idan ma garin yana da zaƙi ko tsami, ajiye shi a busasshen baki cutarwa ce, kuma ga dalili.

Abin da nake so ki fi damuwa da shi a wannan watan ba yawun ba ne, haƙoran Malam ne. A wasiƙarki ba ki ambace su ba, kuma a nan ne asara ke shigowa ba sallama. Yawu shi ke kashe tsamin da ke cin haƙori, shi ke mayar masa da sinadaran da ya rasa. Idan babu shi, haƙoran da suka daɗe lafiya lau suna iya fara ruɓewa cikin watanni, daga gindi, daidai bakin dasashi, su yi baƙi su riƙa karyewa. Sannan ƙashin muƙamuƙin da gashi ya ratsa jininsa ya ragu, idan aka cire haƙori a wurin, ramin yana iya ƙin warkewa har ƙashin ya fara mutuwa. Wannan ciwo ne mai wuyar magani ƙwarai. Saboda haka ko da wasa kada Malam ya bari wani ya cire masa haƙori, a kemis ne ko a kasuwa ko ma a asibiti, sai ya faɗa da bakinsa cewa an yi masa gashi a kai da wuya, an kuma tuntuɓi likitan da ya yi gashin. Ku je wurin likitan haƙori tun yanzu da ba abin da ke ciwo, ku riƙa komawa duk bayan wata uku zuwa shida. Ku roƙe shi man goge baki mai yawan sinadarin fuloraid, akwai mai ƙarfin 5000 da ake rubuta wa irinsu Malam, alhali na kanti yawanci bai fi 1450 ba. Ya goge da burushi mai laushi safe da dare, ya tofar, kada ya bi da kurkure. Na san masu busasshen baki suna son tsotsar alewa da minti don su ji danshi. Alewa mai sukari a bakin da ba yawu guba ce ga haƙori, haka lemon kwalba, haka yawan tsotsar lemon tsami. Cingam marar sukari shi ne madadinsu, kuma taunarsa tana tayar da duk abin da ya saura da rai a maɓuɓɓugar. Idan kika ga fari-fari kamar dusar nono a harshensa ko cikin kumatu, ko yana kukan baki na yi masa zafi, wannan wani naman gwari ne da ke samun sarari idan yawu ya ja baya, maganinsa yana nan kuma ba shi da tsada.

Sai ku koma wurin likitan da ya yi gashin da tambayoyi a rubuce. Ku tambaye shi ko an yi amfani da irin na'urar da ke kauce wa maɓuɓɓugar gaban kunne, da kuma yawan abin da ya same ta. Tambayar tana da amfani, domin wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan gashi kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon salo suna fama da bushewa matsakaiciya ko mai tsanani, amma a sabon salon kashi 38 ne, kuma masu sabon salon sun ci gaba da samun sauƙi har cikin shekara ta biyu. Idan an tsirar wa Malam da wani sashe, to wata 14 ba ƙarshen zance ba ne. Ku tambaye shi kuma game da maganin da ake kira pilocarpine. Ƙwaya ce da aka daɗe ana ba masu irin wannan matsala, tana matsa wa ragowar maɓuɓɓugar ta yi aiki. Ba kowa take yi wa ba, takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta, tana sa zufa, kuma mai asma ko ciwon zuciya ko wani nau'in hawan jinin ido sai an yi hattara. Don haka ba abin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne. Ku tafi masa da duk magungunan da Malam ke sha a leda guda, domin wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, da wasu na hawan jini masu sa fitsari, da wasu na barci, su ma suna busar da baki, a canza su kawai wani lokaci sai a ji bambanci. Tunda kun je, a duba masa sukari da maƙoƙo, don gashin wuya yakan raunana aikin maƙoƙon daga baya.

A gida kuma kina da abin yi da yawa, kuma girkinmu ya taimake ki. Miyar kuɓewa, kuka, karkashi, lalo, duk mai yauƙi, ita ce abokiyar Malam yanzu, domin yauƙin yana yin aikin da yawu ke yi, ya sulluɓar da loma. Ki sassauta tuwon, ki yawaita romo, ki rage yaji. Kunu, fate, farfesu, kindirmo marar sukari, duk za su shige shi. Ɗan man zaitun ko man shanu a shafa a cikin baki kafin kwanciya yakan riƙe danshi fiye da ruwa, wanda yana sha yake wucewa. Akwai kuma man danshin baki da ake sayarwa a manyan kemis don wannan aikin. Ki haɗa masa ruwan kurkure: lita guda ta ruwa, ƙaramin cokali na gishiri, ƙaramin cokali na bekin soda irin ta masu kek, ba kanwa ba. Ruwan kurkure na kanti mai ɗauke da barasa yana ƙara busarwa. Goro da taba su fita daga lissafi, shayi mai kauri a rage. Idan hunturu ya shigo abin zai tsananta, ki rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da gadonsa, ki kula kada hancinsa ya toshe ya koma numfashi ta baki. Don aji kuwa, 'yar kwalbar fesawa da zai sa a aljihu ta fi gorar ruwa, fesa biyu ya ci gaba da bayani. Batun azumi, kada ya yanke wa kansa hukunci cikin jin kunya. Ya ji ta bakin likita, ya kai wa malamin da ya yarda da shi, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Saura ƙanin Malam. Ƙauna ce ta sa shi nema, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kada ki tare shi da "a'a" tsirara, balle a ce matar wa ta hana a nema masa magani don tana kwaɗayin gona. Na san irin maganar da ke iya tashi a dangi, kuma na san ita ce rabin tsoronki. Ki nemi ya raka ku wurin likitan, ya ji da kunnensa. Ki ce ya tambayi asibitin can a rubuce: daga ina suke samo ƙwayoyin, mutum nawa masu bushewar baki bayan gashi suka yi wa, a wace mujallar likitoci aka wallafa sakamakon, wace hukuma ce ta amince da allurar don wannan ciwon musamman, kuma me suka ce game da wanda bai cika shekara biyu da gama gashi ba. Amsar da suka bayar a kai wa likitan Malam ya karanta. Gwaji na gaskiya ba ya sa majinyaci ya sayar da gona, masu binciken ne ke ɗaukar nauyin allurar, kuma sukan gaya maka tun farko cewa ba su tabbatar za ta yi aiki ba.

Shi kuma Malam, ki gaya masa ba ki rufe ƙofar ba. Aikin Holan da na Danmak da na Amurka suna tafiya, akwai ma masu gwada wata hanyar ta dasa wa maɓuɓɓugar wata ƙwayar halitta ta gado da ke buɗe wa ruwa hanya. Idan ɗaya daga ciki ya tabbata, likitansa zai ji, kuma a ranar zai fi kyau a same shi da haƙoransa a baki da gonarsa a hannu. Limancin ma kada ya cire rai. Ya gwada sallolin da ake karatu a ɓoye tukuna, Azahar da La'asar, ya ga yadda bakin zai ɗauka. Ki rubuto min bayan kun ga likitan haƙorin, ina so in ji abin da ya gani. Ki gaishe min da Malam da jiki.